Ƙwan da ya tona mana asiri a Gesse

Mun dawo daga yankan shinkafa a Argungu da rana tsaka, sai na tarar ƙwan lantarkin ƙofar gidanmu a Gesse yana ci. Maƙwabcinmu Malam Umaru kuwa yana zaune ƙarƙashinsa a kan tabarma, carbi a hannu.

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba a lokacin. Kafin mu tafi na sayo taima, irin soket ɗin nan mai agogo, na saita shi ya kunna ƙwan da magariba ya kashe da asuba. Dabarata ita ce ɓarayi su ɗauka akwai mutane a gidan. Saboda tsabar wayo, ban ma sallami kowa ba.

Ashe agogon da wutar lantarki yake tafiya. In an ɗauke ya tsaya, in an kawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lahiya lau. Kwana ukku da tahiyarku ƙwan ga ya koma kamawa da hantsi, ya mutu da magariba. Har mai tallan nono ta ce mani masu gidan ga ba su nan. Shi ne na kawo tabarmata."

Kwana tara bawan Allah yana gadi.

Yanzu in zan sayi taima sai na tambaya ko akwai batir a ciki. Amma ko da batir, sai na leƙa na sallami maƙwabci.

Ku fa, wace na'ura ce ta taɓa ba ku kunya haka?