Sai Likita Ya Gan Ta da Ido

Yayana direban tasi ne, kuma duk tashar babu mai kiransa da sunansa. Hawainiya suke ce masa. Da ya shigo da motarsa sai ka ji an ɗauki ihu: "Ga Hawainiya nan, ku kauce kada ya take ku!" Shi ko a jikinsa. Ni ƙanwarsa ce abin ke ci wa rai, don ni Allah bai yi ni da haƙuri ba. Ɗinki nake yi, kuma ko keken ɗinkina ya sha zagi a bakina.

Da can wuta yake bai wa mota kamar kowa. Wani tsoho ne ya sauya shi, mai ciwon daji da ya ci masa ƙashi. Yaya ya ɗauko shi za su asibiti, taya ta faɗa wani ɗan rami, tsohon ya kurma ihun da Yaya ya ce har kabari ba zai manta ba. Ya tambayi ɗan tsohon, don me ba za a bar bawan Allah a gida a je a karɓo masa maganin ba? A nan ya fara jin dokar.

Maganin wani ruwa ne a 'yar kwalba, mofin, wanda ake bai wa waɗanda ciwonsu ya gagara, don su samu sa'ida kafin ta Allah ta kasance. Da 'yan shaye-shaye suka addabi gari sai hukuma ta ɗaure shi tamau. Likita ɗaya ne a babban asibiti ke da izinin rubutawa, ba ya rubuta fiye da na sati, kuma sai ya ga marar lafiya da idonsa a cikin harabar asibitin. Ba aike, ba waya. Wato mutumin da ko juya shi a gado sai an yi kuka, shi za a ciccibo duk sati a kai.

Tun daga nan Yaya ya zama direban waɗannan bayin Allah. Ya kwance kujerar gaba, ya shimfiɗa katifa daga gaba har baya. Ya rage wa tayoyi iska don motar ta yi laushi. In ya zo tudun rage gudu sai ya hau shi a karkace, taya ɗai-ɗai, masu mota a baya suna ta hon suna yi masa daƙuwa. Kuma yana da shawarar da yake bai wa kowane gida: "Na ƙarshen kwalbar nan kada ku ba shi a kan lokaci. Ku daure ku ajiye, sai za a shiga mota." Ana yi masa godiya, ana sa masa albarka. Shi mota kawai yake gani; bai taɓa zama a ɗaki ya ga yadda ake yin wannan daurewar ba.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata. Mace mai barkwanci, ni Uwar Masifa take kirana, shi kuma Direba. Takan ce ita kaɗai ce macen da mijinta ke da mota amma in tana sauri sai ta tafi a ƙafa. Ita ma ciwon dajin ne ya kama ta, a mama ya fara mata. Aka yi aiki, muka ce an rabu, ashe ya gangara ƙashin baya. Cikin 'yan watanni Malama ta koma ko tari ta yi sai ta damƙe zanen gado.

Aka ɗora ta a kan mofin, ni kuma na rufe shago na tare a gidansu. Ranar da kwalbar ta zo ƙarshe, Yaya ya ɗauke ta ya ɗora a kan kwaba, ya ce na hanya ne. Wayyo Allah, wannan wunin! Tun azahar ta fara nishi, kafin la'asar ta ciji leɓe har jini. Idonta na kan kwabar, ba ta ce a ba ta ba. Yaya ya shigo ya fita, ya shigo ya fita, daga ƙarshe ya je ya hau wanke motar da ya riga ya wanke da safe.

Washegari muka ba ta, muka ɗauke ta a cikin bargo, muka tafi. Likitan ya fito har bakin mota, mutum mai sanyin magana, ya leƙo ya ce, "Sannu Malama, ya jikin?" Ya taɓa hannunta, ya rubuta. Shi ke nan ganin! Ai sai na ji wuta ta taso mini.

"Likita, don girman Allah, saboda wannan leƙen muka jijjigo ta? Warkewa za ta yi a sati ɗaya? Ga mota, a kai ka gidan mana!"

Yaya yana ta "Ke, ke," ban ko kalle shi ba. Likitan bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "Baiwar Allah, na roƙa har na gaji a bar ni in riƙa bin gidaje. In na rubuta a wajen asibitin nan za a karɓe izinin, kuma ni kaɗai ke da shi. Kin ga waɗancan?" Ya nuna motoci da kekuna a jere, kowanne da mutum kwance a ciki. Na rasa wanda zan zaga, na koma mota ina kuka.

Haka muka yi ta yi sati bayan sati, ita kuma tana ƙara lalacewa. Har ranar da muka sake zuwa ƙarshen kwalba. Yaya ya miƙa hannu kan kwaba, ya ji wayam. Ashe Malama ta faki idona ina wanka ta sa 'yarta ta miƙo mata.

"Na shanye, Direba," ta ce. "Ba zan sake shiga motar nan ba. Ka bar ni a ɗakina."

"Malama, in ba a je ba babu magani."

"Na sani. Ka yi mini alkawari ba za ka ɗauke ni ba."

Bai yi alkawarin ba, bai kuma ce a'a ba. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Maƙwabta suka daina shigowa gaisuwa, don babu mai iya tsayawa. Aka kwashe yaran zuwa gidan kakarsu. Na ba ta duk ƙwayar da ake sayarwa a kemis, kamar ruwa nake ba ta. Yaya ya je asibiti shi kaɗai har ya durƙusa, ya dawo hannu rabbana. A rana ta uku da hantsi ya shigo ɗakin da bargo a kafaɗa, idonsa jawur.

"Kama mini," ya ce.

Tana ganin bargon ta gane. "Direba, kada ka yi mini haka. Don Allah. Don darajar 'ya'yanka." Ya sunkuya ya tallabo ta, fuskarsa dab da tata, tana dukan ƙirjinsa da hannun da ba shi da ƙarfin kashe sauro. Babu maganin hanya. Tun daga ƙofar gida har asibiti sunansa take kira tana cewa ya sauke ta, shi kuma yana tuƙi hawaye na ɗiga a kan sitiyari.

An samo maganin. Ta sha, jikinta ya saki, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Da ta farka na ce mata ga Yaya zai shigo ya gan ta. Sai ta juya fuska bango.

"Ce wa yayanki ya daina shigowa. Ba fushi nake ba, wallahi. In na ga fuskarsa jikina rawa yake."

Yana tsaye a bayan labule, ya ji komai. Tun ranar a kan tabarma yake zama a ƙofar ɗakin. Shi ke auna maganin a sirinji, ya miƙo mini ta gefen labule, in na fito ya ce, "Ta sha?" In ce ta sha. Shekara da shekaru suna tare, yanzu tari ma ƙasa-ƙasa yake yi don kada ta san yana wurin.

Jiya da ya auna sai ya ɗaga kwalbar yana duba abin da ya rage. Ya jima yana kallo, sannan ya yafito ni tsakar gida.

"Jibi za mu koma," ya ce. "Ke za ki riƙe wajen kan, ni in kama ƙafafu. Ki tsaya yadda za ki kare ni, kada ta gan ni."