Wasiƙar da Na Rubuta wa Mai Shaidar Zur

Shekara ta biyu da dawowar Shari'a aka ɗaure ni, wai na sayi bijimin sata a kasuwar Daura. Wani dillali ne ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa a gabansa aka yi cinikin. Ni kuwa ranar ina Mashi wajen jana'iza.

A gidan yari na zama marubucin ɗakinmu. Ina haɗa tawada da baƙin tukunya, in fere kara, in rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a bayan takardar siminti. Masu kawo abinci su fita da ita.

Wata bakwai da shigata, ana gab da la'asar, aka turo sabon fursuna. Dillalin nan ne. Aka ba shi wurin baƙo, wato gefen bokitin bahaya.

Kwana uku bai dube ni ba. Ran na huɗu ya zo ya tsuguna.

"Malam, a taimaka. Yayana na Baure bai san ina nan ba, shi kaɗai zai tsaya mini beli."

Shugaban ɗaki ya bushe da dariya. "Malam kuma? Ba ɓarawon bijimi ba?"

Na ce zan rubuta. Na yi bisimilla, na tsara saƙonsa tsaf, ban rage komai ba. Amma a sama na fara da layi guda: ni ne na rantse da ƙarya a kan malamin da ya rubuta wannan. Na karanta masa a gaban kowa, don ba na aika abin da mai shi bai ji ba.

"A goge na saman, Malam."

"Tare za su tafi, ko su zauna tare."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana shaƙar bokiti. Ni ke jan sallah, yana bayana, ban taɓa jin tausayinsa ba. Ran na sha biyu ya tsoma yatsa a tawada ya dangwala a takardar.

Yayan nasa mai tsoron Allah ne. Da aka karanta masa, bai je neman beli ba, gaban alƙali ya kai takardar.

Bayan wata biyu aka kira sunana, aka sallame ni. Na bar wa shugaban ɗaki alƙalamina, na wuce dillali a gefen bokitinsa. Akwai abubuwa da yawa da nake yi wa istigfari har yau. Layin nan ba ya cikinsu.