Tafiyar Gyaran Haƙori a Hannun Auta

Zariya zuwa Rigasa

Ana sallame sallar asuba maigida ya ɗauko ni a babur zuwa tashar Kwangila, gari bai waye ba. Abuja na nufa, wurin autata Hauwa'u, likitar haƙori. Haƙorana huɗu na gaba ne za ta gyara. Ni tela ce tun ina amarya, kuma da haƙori nake tsinke zare, har bakinsu ya gutsuttsure, ɗaya ya tsage ya yi baƙi. Na daɗe ina dariya da gefen mayafi a baki.

Da zan shiga mota maigida ya ce, "Idan kin ga abin zai kai ga canza halitta, ki dawo mini da kayanki yadda suke."

Maganar ta zauna mini har Kaduna. Sau biyu jami'an tsaro suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ce mu wuce. Daga Kawo na hau a-daidaita-sahu zuwa Rigasa, na sami jirgin ƙasa na hantsi.

Kubwa

Karo na farko ke nan da na shiga jirgin ƙasa. Kujera mai laushi, sanyi har ƙashi. Maƙwabciyata, wata Bakatsiniya mai shagon atamfa a Abuja, ta raba mini dambun namanta. Na karɓa na ƙulle a leda, domin ba na iya ci a gaban mutane.

Kafin azahar muka sauka a Kubwa. Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a cikin jama'a, sannan ta kai ni ɗakinta, ciki da falo a bayan wani masallaci. Bayan la'asar na sa ta raka ni wurin limamin, wani dattijo Bakano, na faɗa masa damuwata. Ya tambaya, "Hajiya, haka aka haife ki da su?" Na ce a'a, zare ne ya cinye su. Ya ce mayar da abin da ya lalace yadda yake ba laifi ba ne. A daren na ci tuwon shinkafa da miyar taushe hankali kwance.

Jabi

Washegari da sassafe muka bi motar ma'aikata. Kwandasta na ihu da Hausa da Turanci a haɗe, cunkoso kuwa tun daga gadar Dutse. Asibitin yana hawa na biyu a wani bene, ana hango tafkin Jabi ta taga.

Muna shiga wata ma'aikaciya ta miƙe ta ce, "Sannu da zuwa, Dakta." Sai da na waiga in ga wa ake nufi. Yarinyar da na yi ta ɗinka wa kayan makaranta da ragowar yadi ce ta sa farar riga, ta zaunar da ni a doguwar kujera.

Ta nuna mini abin a tafin hannunta: siririn ɓawo ne na tangaran, kamar farce, ana manna shi a fuskar haƙori. Likitoci biniya suke ce masa. Ta ce, "Umma, sai na ɗan kankare saman haƙorin, kuma abin da na kankare ba ya dawowa. Kin amince?" Na ce bisimilla. Ta yi mini allurar kashe zafi. Injin na ƙara a bakina, ni kuwa hannunta nake ji a haɓata, bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ta ɗauki awo ta aika wa masu haɗa ɓawon, ta sa mini na wucin gadi.

Zaman jiran ya kai mako. Na je Bwari gaida wata ƙawata, na dawo da doya da gyaɗa.

Komawa Jabi

Ranar da aka kawo su, Auta ta jera su a bakina ba tare da ta manna ba, ta miƙo madubi. Farare ne tas, a jere kamar ƙwayar masara. Amma wushiryata ta ɓace. Masu haɗawa sun toshe ta. Na ga baƙuwar mace a madubi. Na yi murmushin yaƙe, don kada in kunyata 'yata a wurin aikinta.

Ogansu, wani likita ɗan Filato mai fara'a, ya leƙo ya ce da Hausarsa da ba ta nuna ba, "Kai, Mama, ka yi kyau sosai! Dakta, manna kawai."

Auta ta dube ni, ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Oga, ka yi haƙuri, ba zan manna ba. Na gaya musu su bar tsakanin. Wannan ba bakin mahaifiyata ba ne. Kuma farin ya fi na sauran haƙoranta."

Ya ce ai mutanen Abuja biya suke yi a toshe musu. Ta ce, "A wurinmu ado ce." Ya sake dubawa, ya sa ta nuna masa hotona na da a wayarta. Sai ya yi dariya ya ce, "Mama, yarinyarka ya fi ni ido. A mayar." Na sunkuyar da kai, domin ba a yabon ɗa a gaban mutane, amma ƙirjina ya cika.

Na ƙara wasu kwanaki. Na biyun da aka kawo, launinsu ya bi na sauran, wushirya tana nan inda Allah ya ajiye ta. Ta manna su ɗaya bayan ɗaya, tana haska wata shuɗiyar fitila. Da ta gama ta ce kada in fasa ƙashi ko goro da su.

Gida

Dawowa mota na hau daga tashar Jabi. Muka bi Zuba, muka tsaya a Tafa na sayi tsire, na ci shi a cikin mota ina hira da direba.

Ana kiran magariba na shiga gida. Matan layinmu suka cika tsakar gida, kowa na cewa in buɗe baki. Maman Ladidi, maƙwabciyarmu, ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Wane Bature ne ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Hauwa'u ce. Wadda kika yi wa kitson sallah."

Ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa limamin Kubwa da likitan Filato. Auta kuwa, Allah ya yi mata albarka, ya sa hannun nan ya daɗe yana aiki.