Caki a Gindin Rijiya

Ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma yau sai na rantse, don na san halinku. Wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shago a Goronyo ina naɗin koyil, wato gyaran fanka da janareta da injin ban ruwan masu albasa, irin aikin da hannu ba ya rabo da wayar tagulla, har a aljihun rigar Juma'a sai in laluba in ji guntunta.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, Kawu Labbo, sana'arsa yasar rijiya tun ba a haife ni ba. Ƙauyensu na can ƙasar Rabah, ba zan faɗi sunansa ba. 'Yan bindiga sun taɓa tashinsu suka koma Wurno wajen dangi, da abin ya ɗan lafa sai tsofaffi suka fara komawa gida, Kawu ne a gaba, don shi a wajensa ko tuwon wani gari ba ya ƙosarwa. Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi ba da mudu ba.

Duk zuwan da zai yi Goronyo sai ya zo min da matacciyar tocila ya dangwarar a teburina kamar ni na ƙera ta. Mai caji babu inda zai yi cajin, mai batir kuma sai ranar kasuwa, kafin mako ya zagayo ta mutu. Sai ya tsaya a kaina yana cewa, "Kai da ka tada injin da yam mutu, hitila guda ta gagare ka?" Gorin nan ya ishe ni, har na ce to bari in yi masa wadda ba ta cin batir in huta.

Na taɓa ganin yadda ake yi a wayar salula, kuma ba wani sihiri ba ne. Na samo babbar sirinji irin ta allurar shanu, na zare sandar cikinta, na naɗe tsakiyarta da siririyar wayar koyil, naɗi a kan naɗi har yatsuna suka yi kanta. Na zura ƙananan mayen ƙarfe masu ƙarfi a ciki yadda za su riƙa zirga-zirga, na toshe bakin da murfin kwalba, na haɗa bakin wayar biyu da ƙwan wata matacciyar tocilar Kawu. In mayen ƙarfe ya ratsa ta cikin naɗin waya, wuta na samuwa a wayar, shi ke nan ilimin. Ta farko haskenta kamar idon kyanwa mara lafiya, ta biyu wayar ta tsinke ina dab da gamawa, na yi tsaki har maƙwabcina ya leƙo. Ta uku ce ta yi. Amma ku riƙe wannan da kyau: babu batir a cikinta, babu wani abu da ke ajiye wuta. Ka girgiza ta kawo, ka tsaya ta ɗauke nan take. Kuma tana da ƙara, caka-caka-caka, saboda mayen ƙarfen na bugun murfi.

Na hau babur na kai masa da hantsi, ina ta jin kaina. Ina shiga gida na ciro ta na girgiza, ban ma gama gaisuwa ba, sai matarsa Inna Kulu ta saki muciya ta dafe ƙirji.

"Mi na na wanga? Caki kak kawo muna cikin gida?"

Ga wanda bai sani ba, caki shi ne goran nan mai tsakuwa a ciki da 'yan bori ke kaɗawa in za su kira iskoki. Inna Kulu ta tashi a hannun kakarta da ta yi wannan harka kafin ta tuba, saboda haka kunnenta ya san sautin. Na ce Inna tocila ce, ga waya, ga ƙwai, ga mayen ƙarfe. Kaico, da na sani ban ambaci sunan ba. Ta ce, "Ka ji ko! Har da maye a ciki." Na yi bayani har bakina ya bushe, tana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya sha wani abu.

Ashe na faɗo ranar da bai kamata ba. Rijiyar garin guda ɗaya ce, tun da aka gudu take a rufe da itace da zana, ta cushe, ruwanta ya yi wari, mata sai sun yi doguwar tafiya a hanyar da ba ta da aminci kafin su samo na sha. In ba a yashe ta ba, komawa Wurno za a yi. Matasa ba su dawo ba, don haka Kawu ya ce shi zai shiga, a ranar. Tsohon da in ya hau tudu sai ka ji ƙirjinsa na kuka! Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ban ga rijiya ba, gawar kawuna nake hange.

Na ce, "Kawu, rijiyar da ta daɗe a rufe akwai muguwar iska a cikinta, ka bari a buɗe ta ta sha kwanaki."

Inna Kulu ta cafe. "To! Shi ma ya hwaɗi da bakinai. Da iska a ciki, kuma za a kai mata caki."

"Ba irin wannan iskar ba, Inna, iskar shaƙa nake nufi!"

"Iska dai iska ta, ɗana."

Jama'a, ku faɗa min yadda mutum zai yi. Ni ina cewa kada ya shiga, ita tana cewa ya shiga amma ban da tocila, shi kuma yana ɗaura ɗan wandon aikinsa kamar ba da shi ake ba. Na ce to a zura fitila mai wuta a gani ko za ta mutu, kamar yadda masu sana'ar ke yi, aka nemi kananzir a garin kaf babu. Kawu ya ce hancinsa ya girme ni, ya fizge tocilar ya cusa a aljihun 'yar shararsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, dattawa 'yan uwansa suka kama, ya yi bismilla ya sauka.

Tsohuwar rijiya ce mai zurfi, sama a tsuke, ƙasa ta yi kogo, ko da rana tsaka in ka leƙa baƙi kawai za ka gani. Igiya ta yi ta tafiya har ta tsaya. Can sai muka ji, caka-caka-caka, ga ɗan farin haske a gindin rijiya yana rawa. Na dubi Inna Kulu na ce kin gani ko, aikin hannu ne. Ita kuwa ta toshe kunnuwa tana salati.

Sai dai abin ya ƙi ƙarewa. Ni da na ƙera ta na san in ka girgiza ta na ɗan lokaci dantsenka zai gaji, dole ka sauya hannu. Wannan kuwa ba tsayawa, ba sauyi, kuma ga guga an zura masa bai ciko ko sau ɗaya ba. Mutum ya shiga yasa, da wane hannun yake aikin? Muka ƙwala masa kira, shiru. Aka ja igiya ta taho sakayau, ya kwance ta don ya ji daɗin aiki, halinsa ne. Wani dattijo ya ce ai lafiya lau yake tunda ga shi yana kaɗawa. Inna Kulu ta ce, "Tsohon ga bai taɓa jin muryata yaƙ ƙi amsawa ba, ko da zagi na." Yadda ta faɗe shi a hankali ne ya sa na gane ba lafiya ba.

Na dubi dattawan nan, kowa ya dubi ɗan uwansa. Ban ga laifinsu ba, mafi ƙuruciyarsu ya haife ni. Aka sassaro rassan dogonyaro aka ɗaura a igiya ana sama da ƙasa da su don iskar ciki ta motsa, aka sheƙa ɗan ruwan da ke tulu, ni kuma na tuɓe riga na ɗaura igiya ɗaya na riƙe ɗaya. In gaya muku gaskiya ba jarumta ce ta saukar da ni ba, haushi ne. Ina sauka ina masifa a raina, tsoho ya ƙi jin magana, yanzu ga shi zai sa uwata kuka.

Ƙafata ta nutse a laka har gwiwa. Wani irin ɗumi mai wari ya danne min ƙirji, kaina ya fara sarawa. Ga Kawu a jingine da bango, wuyansa ya langaɓe, laka har haɓarsa. Na kama hannunsa na dama, babu komai. Na hagu, babu komai, duka biyun a sake suke kamar tsumma. Amma ina ganinsa sarai, har furfurar gemunsa, har inuwata a jikin bango a gabana. Hasken daga bayana yake zuwa, ta saman kafaɗata ta dama, ƙarar kuma dab da kunnena.

A lokacin ban tsaya lissafi ba, numfashina ƙarewa yake. Na zagaya masa igiya ta ƙarƙashin hammata, na zo ƙulli, yatsuna suka ƙi, laka ta sa igiyar santsi, ga inuwar kaina ta rufe wurin. Kun san halin mai gyara in aiki ya cushe masa wani na riƙe masa fitila. Wallahi ban san sanda na daka tsawa ba: "Haska nan mana!"

Aka haska. Hasken ya gangaro ta gefen wuyana, ya zagayo, ya tsaya daidai kan ƙullin, cakin bai ko yi tuntuɓe ba. Na ƙulla. Sai da na ƙulla sannan hankalina ya tambaye ni, wa ka yi wa tsawa?

Inna lillahi. Na ɗaga kai na yi ihu su ja, Kawu ya tashi sama yana lilo, ƙafafunsa na zubo min laka, aka bar ni a ƙasa ni da mai riƙe da fitila. Ban waiga ba. Ko za a ba ni Goronyo da dam ɗinta ba zan waiga ba. Na ƙura wa bango ido ina karanta duk abin da ya zo bakina, har na ji igiyata ta ɗame. Ƙafata na fita daga laka ƙarar ta tsaya cak, duhu ya rufe.

A sama aka kwantar da Kawu ana danna masa ƙirji ana yi masa fifita, can ya yi wani tari ya amayo baƙin ruwa. Inna Kulu ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana yi masa faɗa a lokaci guda. Muka ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, sai asibiti a Rabah.

Da ya dawo hayyacinsa har ya fara shan kunu, kun san abin da ya fara ce min? Ba sannu ba, ba Allah shi yi albarka ba. Cewa ya yi, "Hitilakka ta banza ta. Ban kai rabin rijiya ba tas sulluɓe daga aljihu, nij ji ta tsulum cikin laka. Ko sau guda ban kaɗa ta ba, cikin duhu nis sauka." Na ce Kawu, to hasken da muka gani tun daga sama fa? Ya ce wane haske, shi dai ya kwance igiya, ya duƙa zai laluba, bai sake sanin inda yake ba.

Ma'aikacin asibitin ya ce gurɓatacciyar iska na sa mutum gane-gane, kuma na yarda, ni ma abin da zan gaya wa wani ke nan. Amma dattawan da ke sama lafiyayyar iska suke shaƙa, kuma tare muka gani, tare muka ji. Daga baya aka ɗauko masu yasa daga Wurno, suka bar ta a buɗe ta sha iska, suka yashe ta har farin yashi. Sun fito da tsofaffin gugogi da ƙashin akuya da takalmi wari guda, ban da tocila. Garin na shan ruwan har yau, Kawu kuma ya rayu shekaru bayan nan, sai dai bai ƙara shiga rijiya ba.

Inna Kulu ba ta taɓa ce min "na gaya maka" ba, da ma ta faɗa da ya fi min sauƙi. Ranar da zan koma Goronyo ta rako ni bakin zaure ta ce, "Kun yi kira, an zaka, an yi muku aiki. Ka ko yi godiya?" Na ce Allah na gode wa, Inna. Ta ce haka ya kamata, amma shi wanda ya riƙe fitilar fa, me na ce masa? Na tada babur na kama hanya, don ni na san abin da na ce masa.

Ban san ko mene ne ba, kuma na daina neman sani. Shawarata dai, rijiyar da ta daɗe a rufe kada ku bar kowa ya faɗa mata da gaggawa, komai taurin kansa, ku ɗaure shi a turke in ta kama. In kuma Allah ya sa wata rana kuka tsinci kanku cikin duhu wani na haska muku ta baya, ku tausasa harshe, ku gama abin da ya kai ku, ku fita ba tare da kun juya ba. Ni tun daga ranar ban sake ce wa kowa "haska nan" ba. A baki nake riƙe tocilata.