Kantin Kara da Muntaka Ya Bari

Sama'ilu bai taɓa riƙe fartanya ba, ko da yake a tsakiyar gonaki aka haife shi, a wani ƙauye gabas da Kunci inda gonar wani take ƙarewa a jikin katangar gidan wani. Tun yana ƙarami shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu. Da ya tasa, mahaifinsa ya ga ba zai iya bin 'yan'uwansa gona ba, sai ya kafa masa tebur a ƙofar gida, ya zuba masa ashana da alewa da allura. Sannu a hankali teburin ya zama kanti, ɗaki na ƙasa a bakin hanyar kasuwa, da kantoci na katako cike da sabulu, gishiri, kanwa, zare, batir da ganyen shayi, ga garwar kananzir a gefe. A bayan kantocin akwai wata ƙaramar ƙofa da aka sakaya da tabarma, ta ɗakin ajiya.

Mutum ne mai son hira. Ya ajiye benci a ƙofar kanti, kuma da wuya baƙo ya wuce bai tsayar da shi ya sha ruwa ba. Matarsa Furera takan ce da magana ake sayarwa, da tuni ya gina bene.

A shekarar farin nan ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Rumbuna suka zama fanko, mata suka koma tsinkar tafasa da rama suna kwaɗawa. Shi kuwa Sama'ilu, tun kakar da ta gabata ya sayi gero ya jibge a ɗakin ajiya, kuma daga shi sai Furera suka sani. Yana da mutane da yawa da yake ciyarwa a gida: tsohuwarsa, 'ya'yansa, da marayun da wansa ya bari. Ga shi a lokacin ana kama masu ɓoye kaya. Duk wanda ya tambaye shi hatsi, amsarsa ɗaya ce, babu.

Wata rana da hantsi wani mutum dogo, ramamme, ya yi sallama a ƙofar kanti. Bayansa mace ce da ƙunshi a ka, tana goye da yarinya.

"Wa alaikumus salam. Maraba, sannunku da hanya," in ji Sama'ilu, yana jawo benci. "Malam, zauna. Daga ina haka?"

Mutumin ya ce sunansa Muntaka, daga arewa suke, can bayan iyaka. Matarsa Luba ce, yarinyar kuma Mairo. Sama'ilu ya aika Luba cikin gida wurin Furera, ya kawo wa baƙon ruwa da ɗan kwaɗon rama. Muntaka ya ci ya yi hamdala, sannan ya tsura wa kantocin ido yana murmushi.

"Ka raba sabulu da ganyen shayi," ya ce. "Ka iya. In suka haɗu wuri ɗaya, shayin ƙamshin sabulu yake ɗauka."

"A'a! Kai ma ɗan kanti ne?"

"Na taɓa zama. Nawa bai kai rabin wannan ba, amma har fitilar ƙwai ina sayarwa."

Nan hira ta ɓarke. Suka yi zancen yadda gishiri ke jiƙewa da damina, da yadda ɓera ya fi son sabulu mai ƙamshi, da tsofaffin da ke zuwa sayen allura guda su wuni a benci. Sama'ilu ya daɗe bai yi dariya irin ta ranar ba. Can ya tambaye shi abin da ya sami kantin.

"Yunwa ce ta cinye shi," in ji Muntaka. "Maƙwabta suna zuwa da yara a hannu. Ban iya cewa babu ba, har ranar da babun ta zama gaskiya."

Sama'ilu ya ce Allah ya mayar da alheri. A ransa kuwa ɗakin bayan nan ya tuna, ya ƙara ƙudurta cewa shi ba zai bari haka ta same shi ba.

Ya ba su ɗakin da ke jikin zauren gidansa. Muntaka yana fita neman ƙwadago, buga bulo ko gyaran danga, amma aikin bai cika samuwa ba. Ranar da babu, sai ya zauna a bencin kanti da wuƙarsa da guntayen kara. Yakan fere ɓawon, ya yanka totuwar ciki, ya haɗa da ƙaya. Kafin azahar sai ka ga mota ta fito, da ƙafafunta masu juyawa. Ya yi amalanke, ya yi rumbu da hular ciyawa wanda bai fi dunƙulen hannu ba, ya yi guga da gwangwanin tumatir. Sama'ilu yana tara masa kwalayen ashana da murafan kwalba.

"Wa ya koya maka wannan?" ya tambaye shi wata rana.

"Zaman kanti. Ka san yadda yake in ba ciniki. Hannu ba ya son zama haka."

Yaran unguwa suka riƙa cika ƙofar kanti. Ba mai sayen abin wasa a shekarar da ake neman na kunu, Muntaka ma bai nemi a saya ba, rabawa yake yi.

Sau ɗaya tak ya roƙi Sama'ilu abu. Mairo ce ta kwanta da gudawa, ruwan nonon Luba kuma ya ja baya. Ya zo ya tsaya a bakin kanta, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Sama'ilu, ko akwai ɗan gero, ko rabin mudu ne, a dama wa uwar yarinya kunu?"

Akwai mutane a benci suna ji. Sama'ilu ya ce, "Malam Muntaka, ai ka ga yadda garin yake. Babu."

Ya ɗebo sukari a takarda ya miƙa masa. Muntaka ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da yamma Furera ta ce wa mijinta, "Malam, matar nan fa ƙashi ne kawai ya rage." Ya ce ta riƙa ƙara musu tuwo daga na gida, amma kada ta fitar da tsaba, don in aka ga tsaba za a tambayi inda ta fito. Ta yi hakan. Yarinyar ta tashi, sai dai ba ta koma yadda take ba.

Da bazara ta matso, aka shiga yaɓen soraye. Sama'ilu ba ya iya hawa tsani, sai Muntaka ya ce shi zai yaɓe masa rufin kanti. Yana cikin aiki azara ta karye ta wajen ɗakin ajiya, rami ya buɗe. Sama'ilu yana ƙasa, ya ga mutumin ya sunkuya ya leƙa, ya ɗan jima. Sannan ya ɗago ya ce a miƙo masa wata azarar. Ya toshe ramin, ya yaɓe, ya sauko ya wanke hannu.

Sama'ilu ya yi ta jiran maganar geron ta fito a gari. Ba ta fito ba. Muntaka ya ci gaba da zuwa benci, yana gaishe shi kamar kullum, sai dai yanzu wani aiki yake yi wanda yake rufewa da tsumma in zai tashi. Sama'ilu ne ya kasa hira. In mutumin ya yi masa magana, sai ya kama goge kanta.

Ranar kasuwar Kunci da safe Muntaka ya kawo abin ya ajiye a kan kanta, ya yaye tsumman. Kantin Sama'ilu ne, na kara. Ga kantocin, ga sandunan sabulu na totuwa, ga garwar kananzir ta murfin kwalba, ga benci, har da sandar da Sama'ilu ke dogarawa an jingine ta a bakin ƙofa. Sama'ilu ya juya shi yana dubawa. Bangon baya a shafe yake, ba ƙofa, ba tabarma.

Bakinsa ya riga shi. "Ka manta da ɗakin baya."

"Ban manta ba," in ji Muntaka. "Yara za su so su taɓa, su kuma ba sa ganin abu su yi shiru. Kana da iyali, Malam Sama'ilu. Na san nauyin."

Sama'ilu ya rasa inda zai sa idonsa. Ya so ya ce masa ya zagayo ta baya ya ɗauki buhu guda, amma sai ga wata mata ta shigo sayen gishiri, bayanta wani mai neman kananzir. Ya ce a ransa in an watse zai yi. Da la'asar ya auna gero a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya dogara sandarsa zuwa ɗakin zaure. Ya tarar an share ɗakin tas, an naɗe tabarmar da ya ara musu. Furera ta ce Luba ta shigo ta yi mata sallama tun kafin azahar, sun bi motar kasuwa, wai za su gwada Kano. Ta ɗauka ya sani.

Ya zauna a dokin ƙofa da ƙwaryar a cinya har aka kira magariba.

A makon ya fara fitar da geron. Furera ce take kaiwa gidaje, a ƙarƙashin mayafi, tana farawa da masu jego. Ba wanda ya kama shi, iyalinsa kuma ba su kwana da yunwa ba har sabon gero ya nuna. Wannan ya fi komai damunsa, don ya gane da ya bayar tun farko, da ya isa.

Shekarun ƙunci suka wuce, kanti ya ƙara girma, ya yi rufin kwano. Sama'ilu ya yi ta tambayar direbobi da fatake ko sun ga wani dogon mutumin arewa mai yin motocin kara. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Zakirai. Ya hau mota ya je, ya tarar wani ne daban. Bai taɓa samun labarin ko Mairo ta rayu ba.

Da tsufa ya kama shi, ɗansa Kamilu ya karɓi kantin. Sama'ilu ya koma benci, yana tare baƙi kamar dā, sai dai hirarsa ta ragu, ya fi yin tambaya. Ya rasu da damina, aka yi masa sutura a maƙabartar da ke gefen gonakin 'yan'uwansa.