Wutar Kaka Tsahara a Shekarar Malka

Idan hadari ya haɗo daga gabas, kowa a ƙauyenmu yana da abin da yake fara yi wa gudu. Wata ta kwashe shanyarta, wani ya kora awaki rumfa, masu 'ya'ya su shiga ƙwala wa 'ya'yansu kira. Kaka Tsahara kuwa, mahaifiyar babana, kara take yi wa gudu. Ku da kuka san ta ai kun tuna. Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, da iska ta kaɗa sai ka gan ta ta tattare zani tana zabga sauri, ta rungumo kara kamar jariri. Ta taɓa tsallake ni ina kwance da masassara a tsakar gida, ta kai kara ɗaki, sannan ta leƙo ta ce a ɗauke yaron nan kada ya jiƙe.

Da na girma na tuna mata, ko a jikinta. Ta ce, "Kai in ka jiƙe uwarka ta goge ka da zane. Kara wa zai goge shi?"

Bana malka ta sake zama mana, ruwan nan na tsakiyar damina da yake kwana yana wuni ba ya ɗaukewa, shi ya sa tsohuwar take ta faɗo mini a rai.

Ɗakinta ba ɗaki ba ne, rumbun makamashi ne. Ƙarƙashin gado kara, bayan ƙofa kiraren sabara, cikin tsohuwar randa busasshen kashin shanu. Duk don wuta ɗaya, wadda ta rantse ba ta taɓa mutuwa ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan daga wajen Kona, surukarta ta miƙa mata garwashi a tsingaro. Da rani mutane su yi ta mata dariya, ita kuma ta yi ta tsince-tsincenta tana faɗin maganarta ta kullum: "Hatsi a rumbu ba tuwo ba ne."

Sai malka ta sauka a san gaskiyarta. Icce ya jiƙe, kara ya yi laushi, ashana ta sha danshi, ka ƙyasta kwali guda kan ya yi ta marmashewa. Da sassafe mata su jeru a ƙofarta, kowace ta lulluɓa buhu a ka, da tsingaro a hannu. Ita kuma tana zaune bakin murhu kamar ma'aikacin duwan, wato kwastan, a kan iyaka, ba mai wucewa sai ya sha tambaya.

"Ke ɗiyar wa ce?"

"Haba Kaka, ni ce Habsu. Katangarmu ɗaya hwa."

"Na gane ki. Da rani ina kika kai karanki?"

"Awaki suka cinye, Kaka."

"To tahi awakin su dahwa maki tuwo."

Sai ta bari Habsu ta juya kamar za ta tafi, sannan ta tona toka ta zaɓo ɗan autan garwashi ta ɗora mata. Ɗaya take bayarwa, da baƙar magana a kai. Amma ban taɓa ganin wadda ta koma gida da tsingaro mai sanyi ba.

Shekarar da na fara kabu-kabu, wato acaɓa, da moto a Tasawa, na ji ni ma na zama mutum. Na sayo mata ƙaramin tulun gaz da biriken kunna shi, na ɗauro a bayan moto na shigo gari ina ta busa oda. Ta zagaya tulun, ta ƙwanƙwasa shi, ta kara kunne.

"Angon banza," haka take kirana, wasan kaka da jika, "wutar tana ciki?"

"Tana ciki, Kaka."

"Wa ke tsaronta?"

"Ba ta son tsaro. Murɗawa za ki yi ta kama."

"Wutar da ba ta son tsaro ba 'yar gidan kirki ba ce."

Ta sa aka kai shi gindin iccen bedi, ta mai da shi kujerar tsintar wake. Da na gaji da ganin wulaƙancin kuɗina na ɗauke na ba matata Rabi. Gaz ɗin bai tashi ƙarewa ba sai tsakiyar malka, Rabi tana wankan jego, ga ruwa ya yanke hanyar Tasawa ko jaki ba ya wucewa. Ni da gemuna na ɗauki tsingaro na nufi ɗakin Kaka. Ta ce in bi bayan mata tun da na tarar da su. Da aka zo kaina ta tambaya da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Ina wutar cikin tulu?"

"Ta ƙare, Kaka."

"Ta mutu dai za ka ce. Allah shi ba ka haƙuri."

Har yau akwai matan da in sun gan ni sai sun yi mini gaisuwar rashi.

To amma ita ma an taɓa kama ta. Wata damina rufin ɗakinta ya yi yoyo, ɗigon bai zaɓi ko'ina ba sai tsakiyar murhu. Da asuba Habsu ta fito ta tarar Kaka ta zo ƙofarta, ta ɓoye tsingaro cikin gefen zani.

"Habsu, wutar da na ara maki jiya, kin gama da ita?"

Kafin hantsi labari ya gama gari. Tsofaffi abokan wasanta suka yi gayya suka zo wai ta'aziyya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya tana hura murhunta.

"Wa ya ce maku ta mutu? Aro na bayar, na karɓo abina. Kwana ta yi gidan maƙwabta. Ku ba ku zuwa baƙunta?"

Daga nan kowa ya san dokarta: duk wutar da ta fita daga murhunta tata ce, ko a gidan wa take.

Sai shekarar babbar malka, wadda ba sai na tuna wa kowa ba. Hatsi ya yi kyau irin wanda muka daɗe ba mu gani ba, muka yi tumu muna ta murna. Ya nuna, ya isa yanka, ruwa kuma ya ce bai san zancen tafiya ba. Rana ta ɓace mana. Wake ya ruɓe a gona, harawa ta yi baƙi ko tumaki ba sa kallonta. Zangarniya tana tsaye a jikin kara sai ka ga ta fara tsiro. Wanda ya yi wayo ya yanke nasa ya ɗaure, dammunan suka ɗau zafi suka yi funfuna. Katangu suka dinga zubewa, tabkin bayan gari ya shigo har gindin rumbuna. Mu da muka saba roƙon ruwa, kunya ta hana mu roƙon a ɗauke shi, sai dai ka ji dattijo ya dubi sama ya ce Allah ya sa albarka.

Babana ya dawo daga gona wata yamma, ya zauna a ƙofar Kaka da jiƙaƙƙen kai na hatsi a hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Inna, hatsin ci da sauƙi, ko awaki muka kai kasuwar Urafan mun samo. Iri nike tsoro. In wanga ya ruɓe, mi za mu shuka baɗi?"

Zango ne irin gidanmu, mai dogon kai, wanda marigayi kakanmu ya yi ta zaɓe shekara da shekaru har ya san ƙasar gonarmu. In ya lalace ba a sayo shi a kasuwa, kuma wanda za a sayar a kasuwar ma ruwan nan ne ya dake shi.

Kaka ta karɓi kan hatsin ta shinshina, ta ce, "Ku zaɓo masu rai ku kawo mani. Ku bar tsaye kamar an dasa ku."

Muka zaɓo, muka rataye su a azarar ɗakinta sama da murhu, inda ɗumi da hayaƙi za su dinga ratsa su. Habsu ta gani ta kawo na mijinta. Kafin ka ce me, rabin unguwa sun kawo nasu, kowa da ƙyallen da ya ɗaura don shaida. In ka shiga ɗakin sai ka sunkuya, ka fito idonka jawur. Ita kuwa tana ciki tana yi wa wuta lallashi, kada ta tashi ta gasa irin, kada kuma ta yi sanyi. Duk da haka ba ta daina ba masu tsingaro nasu garwashi ba, da baƙar maganarsu cif.

Ruwa bai tsaya ba. Karan ƙarƙashin gado ya ƙare, abin da ba a taɓa ji ba. Kiraren bayan ƙofa suka bi, randa ta koma wayam. Muka zaga gari neman busasshen icce, ko na sakace babu. Ta sa kujerarta 'yar tsugunno a wuta. Ta sa tsohon turmi, ya daɗe yana ci, shi ma ya zama toka. Irin kuwa in ka latsa da farce har yanzu da sauran laushi.

Ran nan da hantsi ta aika aka kira ni, ta ce in zo da gatari. Na shiga na tarar ta kwashe shimfiɗa, gadon yana tsaye tsirara.

Sai kun san gadon nan. Na icce ne, kakanmu ya sayo mata a kasuwar Mayahi ya ɗauko shi a kan jaki. Tun da ya rasu take shafe ƙafafunsa da man gujiya. Duk jikan da ya taɓa ɗora ɗuwawu a kai ya san zafin muciyarta, ni ma shaida ne.

Ta ce, "Hwasa."

Na ce, "Kaka, gadon Malam ne hwa. Bari mu ƙara dubawa cikin gari."

"Kun duba. Hwasa, na ce."

"To ke ina za ki kwanta? Ƙasan ga duk danshi ne."

"Mai gadon ya bar shi ya tahi ya kwanta ƙasa, ni wace ce? Irin ga shi ma nashi ne. In ya ji na bar shi ya ruɓe ina bisa gado, da wane ido zan dube shi?"

Na ɗaga gatari. Da na kai sara na farko ta juya mini baya, ta shiga gyara zangarkun da ba abin da ya same su. Na ga tana goge ido da haɓar zani. Na dakata da sara ina kallonta, ta kuwa ji gatari ya tsaya.

"Hayaƙi ne, angon banza. Yi aikinka."

A ranar na san ina ƙaunar tsohuwar nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa mata, don in na faɗa zagi zan sha.

Gadon ya riƙe wuta har Allah ya buɗe sama. Da muka sauke irin, ka ciza ka ji ƙas. Baɗi ta zagayo muka shuka, ya fito kamar ba abin da ya taɓa samunsa, mu da duk wanda ya ɗaura ƙyalle a azarar nan. Kaka kuwa ta kwashi tari a kan tabarma, wanda bai sake rabuwa da ita ba. Na yi ta tari ni ma, na kuɗi, na sayo mata gadon ƙarfe daga Tasawa, sabo fil har da fenti. Ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa kamar yadda ta yi wa tulun gaz.

"Wanga ko wuta ba shi ci. Mi amfaninshi?"

Ta kwanta a kai dai, amma kullum sai ta gaya wa baƙi jikanta ya sayo mata gadon da ba ya maganin komai.

Da bazara ta rasu, sama wasai ko gajimare babu. A murhunta aka ɗumama ruwan wankanta. Da aka gama zaman makoki aka ja ƙofar ɗakin, kowa ya koma ga ashanarsa, murhun ya yi sanyi. Na daina bi ta gefen nan na gidan, don ƙamshin hayaƙin da ya kama bangon yana karya mini zuciya.

Shekaranjiya muka wayi gari ruwa na ta zuba, iccenmu sharkaf, Rabi ta ƙarar da ashana ba ko tartsatsi, yara na jiran kunu. Na ɗauki tsingaro na fito, ƙafata ta kai ni ƙofar Kaka kafin in tuna. Na tsaya cikin ruwa ina kallon rufaffiyar ƙofa kamar wawa.

Sai na ji muryar Habsu ta saman katanga, ita ma yanzu furfura ta fara kama ta. "Sale, kawo tsingaron nan."

Na zaga na shiga. Ga kara a ƙarƙashin gadonta, ga murhu yana ci a hankali. Ta tona toka ta zaɓo mini ɗan ƙarami.

Ta ce, "Ranar da aka yi mata wanka na ɗebo. Ban bari ta mutu ba. Aro ce, karɓi abinku."

Na rufa shi da hulata na taho gida a hankali, ruwa na dukan kaina, idona na zuba, kuma babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

Allah ya jiƙan Kaka Tsahara, ya yafe mata, ya shimfiɗa mata abin da ya fi gadon da ta ƙona dominmu, ya sada ta da mai gadon. Allah ya saukar da ruwan rahama a kabarinta. Yayyafi dai, ya Ubangiji, ka san ta da malka.