Jan Fentin Tagwai

Kullum da safe, kafin ya kunna injin walda a shagonsa da ke unguwar Trikaniya, Tagwai kan goge dogon babur ɗinsa da tsumma. Ƙanensa ne ya aiko masa da shi daga Turai, babur mai ratsa taɓo, wanda zai kai shi ƙauye wajen tsohuwarsa ko damina ta cinye hanya. Sai dai ya iso ba fitila, ba madubi, ba lamba, don haka titi ya haramta gare shi.

Tagwai ya ɗaura masa fitila da madubi, sannan ya feshe shi da jan fenti don ya isa ofishin rajista da kwarjini.

Da ya kai shi can, jami'in rajista ya duba wuyan babur, ya dawo ofis yana dariya.

"Baba, kwalliyar ta yi yawa! Fenti ya binne lambar jikinsa. In ban gan ta ba, babu rajista."

"Yaushe kuke tashi, ɗana?"

"Da la'asar."

"To, kada ka yi nisa."

Tagwai ya laluba aljihu, ya zaro guntun samfefa na kankare fenti, ya fice wajen babur.